Anti Hansai da Sarkin da Ba Shi da Hanci

Kowace Asabar Anti Hansai kan fito daga gidanta a Camberwell da flas ɗin shayi a jaka, ta hau bas zuwa wani ƙaramin gidan tarihi a tsallaken kogi. Can take da tebur, inda ake barin baƙi su taɓa tsabar kuɗin Rumawa. Aikin sa-kai ne, ta kama shi tun da ta ajiye aikin jinya.

Tana ɗora maka kwabo a tafin hannu sai ta ce ka rufe ido ka shafa. Lokacin da babu rediyo, in ji ta, wannan ce fostar sarki. Wani sarkin ya sa an riƙa zana shi saurayi har ya tsufa tukuf. A gefe takan ajiye aninin kakarta mai huda, ta nuna rubutun Larabcin da Turawa suka buga a kai don mu saki jiki.

Rukayatu, maƙwabciyarta, ta ba ni labarin ranar da 'yarta Zarah ta tambayi dalilin da wani sarki ba shi da hanci.

"Hannun talakawa ne ya cinye shi," in ji Anti. "Shi ya buga fuskar, masu sayen gurasa suka goge ta."

Zarah da ba ta amsa magana da Hausa, da Hausa ta yi ta maimaita wannan a bas.

Yanzu idon Anti ya dushe, ba ta ganin hannun baƙi. Hukumar gidan ta ce in ba a samu magaji ba kafin ƙarshen wata, kuɗin za su koma bayan gilashi. Mu da muke cika zauren biki a Dagenham ba masaka tsinke, har yau ba wanda ya fito. Abin yana ci mini rai.

Ke ce mai tebur, Anti, ke kika koya wa 'ya'yanmu su shafa fuskar mai mulki kafin su yarda da ita. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Jama'a, wani ya ba da Asabar ɗinsa mana.

Da na je gaishe ta, ta tambaye ni, "An samu wanda ya yi signing?" Na ce tukuna, ba wanda ya sa hannu zai karɓi teburin. Ta murza aninin.

"To, sarakunan za su huta," ta ce. "Ba mai sake goge musu hanci."