Rahoton da Ya Fitar da Bashar

Cikin shekarun da na yi ina sakataren ƙungiyar ƙwallonmu ta Nasarawa a Birnin Kebbi, ranar da ta ƙi fita raina ita ce Asabar ɗin da aka ci mu a Argungu. Tunda ku ne za ku riƙe littafin yanzu, gara ku ji daga bakina.

Sakatare ba ya buga ƙwallo, ba ya koyar da ita. Nasa rajista ne da wasiƙu da rahoto. Ƙa'idarmu ita ce bayan kowane wasa in tambayi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya abin da ya jawo nasara ko faɗuwa, in rubuta, ran Litinin in miƙa wa kwamiti. Ni na kawo tsarin, kuma ina ji da shi ba kaɗan ba.

Amsoshin kuwa har na haddace su. In mun ci, haɗin kai ne da atisaye da zuciya. Wanda ya jefa ƙwallon zai zayyana maka yadda ya hango gola ya karkata, alhali kowa ya ga a gwiwa ta buge shi ta shige. In an ci mu kuma, alƙalin wasa ne, ko fili, ko iska. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

A shekarar, gasar jiha ta matso. Gurbin rajista goma sha takwas ne, mu kuma muna da mutum goma sha tara, dole a ajiye ɗaya. Kwamiti ya ce wasan sada zumunta na Argungu shi zai raba gardama.

An ci mu ɗaya da nema, daga bugun kusurwa, saura kiris a tashi. Kafin nan kyaftin ɗinmu Nasiru ya zubar da ƙwallo biyu shi da raga. Wanda ya hana a yi mana ruwan ƙwallaye shi ne Bashar, ɗan baya, mutumin Augie, manomin albasa da yake zuwa atisaye a kan babur. Sau ɗaya tak mutumin da yake tsaro ya kuɓuce masa, ƙwallon nan ce kuma ta shiga.

Na buɗe littafi a bakin fili. Nasiru ya ce, "Sakatare, alƙalin ga surukin Argungawa na, kowa ya sani." Gola ya ce rana ce ta shiga idonsa. Wani ya ce kifi da shinkafar da aka ba mu da rana ne suka yi musu nauyi. Na juya shafi baya na nuna masa inda shi da kansa ya ce kifin nan ne ya ba su ƙarfi, zuwanmu na baya da muka ci. Aka yi dariya, ya ce ai wancan na gulbi ne, wannan na kiwo.

Da na zo kan Bashar, yana zaune yana kwance igiyar takalmi.

"Laihina na," ya ce. "Ni ab bisa mutumin. Na tsaya kallon ƙwallo, yaw wuce ni."

"In rubuta haka?"

"Rubuta mana. Ba abin da yah hwaru ke nan ba?"

Na rubuta, har ina jin daɗi yau na samu amsa ta gaskiya. Ban ƙara ko layi ɗaya a kan yadda ya tare mana gida tsawon wasan ba, don tsarin nawa abin da ɗan wasa ya faɗa kawai ake sawa.

Ran Litinin Alhaji, shugaban kwamiti, wanda bai je Argungu ba, ya karanta rahoton daga farko har ƙarshe, ya cire tabarau.

"To ai magana ta ƙare. Ga wanda ya amsa da bakinai."

Na ce, "Ranka shi daɗe, yaron nan ya hi kowa wasa ran nan."

"Ina kar rubuta hakanan?"

Na dubi koci, ya sunkuyar da kai, don in ba Bashar ba to wani ne, shi kuma ba ya son ya zama mai nuna yatsa. Aka sa hannu a takardar rajista, bakin alƙalami ya bushe.

Ban iya gaya wa Bashar a waya ba. Washegari na hau mota zuwa Augie, na same shi cikin fadama yana ba albasa ruwa. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sai ya kashe injin ban ruwan.

"Sakatare, in tambaye ka. Da na ce alƙali na, da ina ciki?"

Na so in yi masa kwana-kwana, bakina ya ƙi. Na ce, "Da kana ciki."

Ya gyaɗa kai, ya ce in gaida yara. Ya cika mini leda da albasa, ya tada injinsa. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan tafiya zuwa bakin titi ba.

Wasanmu na farko a gasar aka zura mana uku, duka ta wajen da Bashar yake tsayawa. Na zagaya da littafina. Mutum goma sha takwas, kowa alƙali, kowa fili. Da can ina ɗauka son kai ne yake sa 'yan wasa haka. Ranar na gane sun fi ni sanin inda maganarsu take zuwa.

Daga baya na gyara tsarin: abin da ɗan wasa ya amsa a kansa tsakaninsa da koci ne, kwamiti kuma ya karanta abin da idona ya gani. Na aika wa Bashar sau biyu ya dawo, ya ce aikin gona ya yi yawa. Don haka ku kula da alƙalaminku. A wannan aiki masu cewa "ni ne" ba su da yawa. Ni guda na samu, kuma da hannuna na rubuta shi waje.