Armiya'u Magini da Fensirin Dannawa

Armiya'u magini ne a Zurmi. Ya fi shekara ashirin yana gina wa mutane gidaje, amma bai taɓa zana ko guda a takarda ba. In mai fili ya kira shi, sai ya tsaya tsakiyar filin ya dubi gabas, ya ɗauki kara ya shata ƙasa, yana cewa nan zaure, nan ɗakin uwargida, can rijiya nesa da masai. Karatunsa na boko a aji huɗu ya tsaya, amma awon taku ba ya kuɓuce masa.

Wata damina yana bisa tsani yana jera bulo, tsanin ya zame da shi, ƙugunsa ya karye. Wata huɗu ya yi kwance. Da ya miƙe, da sanda ya miƙe, likita kuma ya gaya masa shi da hawa bisa gini har abada.

Zaman zaure ya ci masa rai ƙwarai. Wata rana Rilwanu, tsohon abokin aikinsa, ya zo neman shawara kan wani gida da aka ba shi. Armiya'u ya yi ta bayani da hannu, har Rilwanu ya gaji ya ce, "Malam Armiya'u, ka zana mani a takarda mana, in tafi da ita wurin aiki."

Haka ya fara, da fensirin 'yan makaranta da reza. Sai dai abin ya ƙi daɗi. Layi yakan fara siriri, kafin ya kai ƙarshen bango ya yi kauri, mai awo ya rasa daga wane gefe zai auna. Ga hannunsa ya saba da cebur, ko yaya ya danna sai bakin fensirin ya karye, ya koma fiƙa. Kafin azahar tabarmarsa ta cika da ɓawon katako, takardar kuma ta yi baƙi da goge-goge.

Ɗiyarsa Amatullahi tana karatu a Poli ta Kaura Namoda. Da ta zo hutu ta zauna tana kallonsa yana fama, sai ta ce, "Baba, akwai fensirin da ba a fiƙe shi. Dannawa ake yi, bakin ya fito."

"Na masu digiri ne wanga, ɗiyata. Ina ni ina shi?"

"Akwai mai araha, Baba. Mu tafi ka gani da idonka."

Ranar da za ta koma suka shiga mota tare. Ta kai shi shagon wani mai sayar da kayan rubutu da ake kira Wakili, kusa da makarantarsu. Wakili ya ba shi kujera, ya jera masa fensira kala-kala bisa teburi. Idon Armiya'u ya faɗa kan wani na ƙarfe mai walƙiya, ya ɗauka yana juya shi.

Wakili ya ce, "Baba, wanga ya fi duka tsada, kuma ba zan so ka saye shi ba. Miƙo hannunka in gani."

Armiya'u ya miƙa. Wakili ya dubi kantar da ke tafinsa, ya ba shi takarda da wani fensiri mai siririn baki, ya ce ya ja layi. Yana dannawa bakin ya karye. Ya sake, ya sake karyewa. Kunya ta kama shi, ya ce a gafarce shi, ya yi ɓarna.

"Ba ɓarna, don haka na ba ka. Wancan kaurin bakinsa rabin milimita ne, na masu hannun biro. Gwada wanga."

Na biyun na roba ne, shuɗi, ba shi da wani kyau, amma tsinken da ke cikinsa ya fi kauri kaɗan, bakinsa na ƙarfe ne, ga roba mai taushi inda yatsu ke kamawa. Armiya'u ya ɗora shi jikin rula ya ja. Layin ya tafi santal tun daga farko har ƙarshe, kauri ɗaya. Ya ja na biyu, ya haɗa kusurwa. Bai ankara ba har ya zana zaure da ƙofarsa, ya manta a shagon mutane yake.

Da ya ɗago sai ya tambaya, "To in tsinken ya ƙare hwa?"

Wakili ya ce shi ya sa ya zaɓar masa wannan, don irin tsinkensa ba ya wuyar samu. Ya nuna masa yadda ake cire murfi a zuba, ya gargaɗe shi kada ya cusa fiye da biyu ko uku, kuma dannawa biyu ta isa.

Aikin farko da ya yi da shi na wani makiyayi ne a Shinkafi, Maitama, mai son gida da wurin ɗaure shanu a baya. Armiya'u ya kwana uku yana zane, ya rubuta awon kowane bango a gefensa. Rilwanu ya tafi da takardar, bai dawo da tambaya ko ɗaya ba har aka kai rufi. Daga nan magina suka riƙa sallama a zaurensa, wasu daga Banga, wasu daga Kaura. Mutumin da ya zaci sana'a ta bar shi, sai ga shi yana ciyar da gidansa daga zaune. Yakan ce bai san irin godiyar da zai yi wa Allah ba, da Ya ba shi ɗiya mai lura, Ya kuma haɗa shi da ɗan kasuwa mai gaskiya.

Da kaka ta yi aka kawo amfanin gona, ya sa aka ɗaura ɗan buhun gero a mota, ya kai wa Wakili da kansa. Wakili bai ma gane shi ba, sai da ya zaro shuɗin fensirin daga aljihu. Ya yi dariya, ya ce shi bai yi abin da ya kai gero ba. Armiya'u ya ce shi dai ba zai koma da kaya Zurmi ba. Suka yi ta ja, daga ƙarshe Wakili ya karɓa, ya aika aka kawo masu fura, suka zauna suna sha a bakin shago har aka kira la'asar.