Shamuwa a Kan Tsamiyarmu

Ni dai na tsani ƙazanta, kowa a gidanmu na Ƙaura ya san haka. To sai ga shi a ƙarshen wata bazara shamuwa biyu sun rasa inda za su yi sheƙa duk faɗin garin sai kan tsamiyar tsakar gidana, daidai inda nake shimfiɗa tabarma ina ɗinkin faifai.

Da farko har daɗi na ji. Ina riƙe da basilla, ina kallon yadda suke jido ƙirare, ɗaya ta ajiye ɗaya ta gyara. Amma wadda abin ya fi shiga ranta ita ce surukata, Inna. Tun da aka ɗauko ta daga Birnin Tsaba, zama can ya gagara, ba ta da magana, ba ta da fita. Ranar da ta ga tsuntsayen nan da kanta ta jawo kujera 'yar tsugunno.

"Sun iso," in ji ta. "Ruwa na tahe. Ku gyara iri."

Daga nan kullum tana gindin itacen, har hira take yi da su.

Da suka ƙyanƙyashe, wayyo ni! Kashi fari fat ko'ina, kamar an watsa farar ƙasa. Ga ƙarni. Ga guntun kwaɗo, ga rabin ƙadangare, ƙudaje sun baibaye su. Kabar da na rina da galura ja da kore na shanya, na dawo na tarar an yi mata zane. Ran nan ina gab da rufe bakin wani faifai da na yi mako biyu ina fama da shi, sai ji na yi wani abu mai ɗumi ya faɗo tsakiyarsa, taf! Aman fara ne, ƙafafun ma ba su narke ba. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Na ce, "Inna, wannan ƙazanta ta ishe ni."

Ta ce, "Ɗiyata, koma zaure da ɗinkinki mana. Ba a korar shamuwa. Wata biyu ne su tashi."

Ban koma ba. Gidana ne, tsuntsu zai tashe ni? Na sa maigidan gaba da mita, safe da yamma, har ya gaji. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya aro doguwar gora, ya zunguro sheƙar.

Ban yi tunanin abin da zai faɗo ba, wallahi. 'Ya'ya uku ne, gashinsu bai gama fitowa ba. Biyu ko motsi ba su yi ba, ɗayan yana ta buɗe baki. Iyayen suna kewaya sama. Na tsaya da tsintsiya a hannu, na ji ƙyamar kaina fiye da duk abin da na taɓa sharewa a gidan nan. Tir da ni.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta duƙa da ƙyar ta tattara su a bakin zanenta, ta tona rami jikin katanga ta rufe biyun. Na ukun ya kwana a ɗakinta cikin ƙwarya, bai kai azahar ba.

Bayan kwana biyu ta ɗaure kayanta, ta ce a kai ta Shinkafi wurin ɗiyarta. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, ta sa mini albarka, ta shiga mota. Shekara huɗu ke nan, ko da Sallah ba ta ƙara kwana a gidanmu ba.