Tsiron Da Baba Ya Gani a Mambila

Makoda zuwa Jalingo

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na hau acaɓa daga ƙofar gidanmu a Makoda zuwa tashar mota a Kano. Ba ciniki ya fitar da ni ba. Mahaifina, Baba Ilu, ya yi fataucin kanwa zuwa dutsen Mambila yana saurayi, kuma tun ina yaro yake ba da labarin wani tsiro da ya gani can: a kan reshe yake zaune, saiwarsa ba ta taɓa ƙasa, gajimare yake sha. A majalisa dariya ake yi masa. Yanzu idonsa ya yi rauni, ya daina fita, labarin ma ya daina bayarwa. Shirun nan ne ya dame ni.

"Zauna ka yanke geronka," in ji shi. "Kada surutun tsoho ya wahalar da kai." Na ce to, na kama hanya.

Bas ta bar Kano ƙarfe bakwai. Na ƙirga shingen jami'an tsaro har tara, sai gyangyaɗi ya kwashe ni. Da magariba muka shiga Jalingo, na sauka wurin wani ɗan garinmu mai sayar da hatsi.

Hawan dutse

Washegari da azahar muka ci tuwon masara a Serti. Daga Mayo Selbe hanya ta fara nannaɗewa kamar rawani. "Malam, ja gilas, gajimare zai shigo," in ji direba. Na ɗauka zolaya ce, sai ga farin abu mai sanyi ya cika motar. Shanu suna bayyana a kan tuddai suna ɓacewa. Ni da na saba ɗaga kai in ga hadari, yau ga ni a cikinsa.

Cikin daji

Washegari a kan dutsen Mambila, ƙarfe takwas na safe, wani dattijo mai gadin daji, Malam Hammadu, ya shiga da ni. Ba ruwa ake yi ba, amma kowane ganye yana ɗiga. Ya nuna sama. Ga tsiron nan jere a kan rassa, dogayen ganyaye masu tsaga-tsaga suna lilo cikin hazo. Na daɗe a tsaye, wuyana ya ƙage ban sani ba.

Sai manomin da ke cikina ya farka. "Wannan ai kauci ne! A garinmu da tuni mun sare shi."

Malam Hammadu ya yi dariya. "Kauci ɓarawo ne, ruwan bishiya yake tsotsa. Wannan baƙo ne mai kunya, wurin zama kawai ya roƙa." Ya nuna min busassun ganyayen gindinsa da suka yi kwando, suna tare abin da ya faɗo, ya ruɓe ya zama takinsa. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. A bayan ganyen akwai ɗige-ɗige, garin cikinsu iska ke shukawa.

Ya ba ni wani reshe da iska ta karya, da tsiron manne a jiki. Na tsuguna zan ɗebi ƙasa. "Ka binne shi, ka kashe shi," in ji shi. "Jiƙa buhu ka naɗe."

Komawa gida

Duk inda mota ta tsaya sai na yayyafa masa ruwa. Duk da haka, kafin Gombe zafi ya nannaɗe shi, ya koma kamar busasshen ganyen rama. Na zuba masa ido. Wa zai yarda da wannan?

Ranar Alhamis da la'asar na iso, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Baba yana kan tabarma a zaure. Na ɗora masa reshen a cinya. Ya lalubi kwandon, ya juya ganye ɗaya, ya bi bayansa da babban yatsa a hankali, ya sake bi.

"Baba, bari in kai majalisa su gani."

"Bar su." Ya rungume reshen, hawaye na bin gemunsa. "Ni kaina na fara zaton mafarki na yi. Allah ya yi maka albarka."