Tsabar Magariba

A gidanmu na unguwar Bulabulin a Maiduguri, sai an sauke tukunya ake tatsuniya. Idan aka kwashe burabisko, garwashi ya yi ja a murhu, sai Kaka Falmata, mahaifiyar babanmu, ta jawo tabarmarta ta miƙe ƙafa, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta yi wa yaro faɗa kai tsaye. In ka yi abin faɗa, daren nan a bakin wata dabba za ka ji shi.

Ina aji huɗu kawuna ya ba ni 'yan kaji da suka fara fiffike. Har sunaye na raɗa musu. Sai dai sun ƙi akurki ƙememe. Da rana ta yi sanyi sai su haye dogon yaron tsakar gida, mu yara mu bi su da tsintsiya da ihu, su kuma su ƙara yin sama. Muzuru ya ɗauke biyu. Baba ya ce in aka sake rasa ɗaya, sauran miya za su shiga, don ba muzuru yake yi wa kiwo ba. Ranar ko loma ban iya kaiwa baki ba.

Kaka ta dube ni ta gefen ido. "Ƙawata, share majinar nan ki matso. Ga wata nan ta taso daga nesa."

"Ta iso mu ji ta," muka amsa.

Ta ce wai kaza da zabuwa uwarsu ɗaya. Wasu mata biyu maƙwabta ne suka tsince su a daji suna 'yan tsaki, kowacce ta ɗauki ɗaya. Ta farkon mai zafin rai ce, kullum da sanda take kora tata cikin akurki. Tsuntsuwar ta gane cewa inda akurki yake nan duka yake, sai ta haye bishiya. Ita ce zabuwa, shi ya sa har yau ko ƙwanta a jeji take sakawa. Ta biyun kuwa ta rufe tata 'yan kwanaki da ruwa da tsaba har ta saba da wurin. Da ta sake ta, ba ta ba ta tsaba sai da magariba, a bakin ƙofar akurki, da kira iri ɗaya kullum.

"Ita kuma ta zama me?" na tambaya.

"Kaza mana, sarkin kuka. Tatsuniya ta ƙare, wuta ta mutu, kowa ya nemi makwanci."

Washegari da duhu ya yi muka sauko da kajina daga bishiyar, don kaza ba ta gardama a duhu. Na rufe su, na ɓoye tsintsiya, na bi abin da mace ta biyun nan ta yi sak. Yammar da suka jero da kansu suka shige, Baba na dawowa daga masallaci, ya tsaya cak yana kallo. Kaka ta yi mini sannu da Barbarci, ta ce, "Wushe, ƙawata." Wallahi ranar ji na yi duk Bulabulin babu kamata, kuma ban sake rasa ko ɗaya ba.

Na ɗauka darasin kiwo ne kawai, sai da ɗana Modu ya fara kai dare a waje, a shekarun da uwa a Maiduguri ba ta runtsawa in ɗanta bai shigo ba. Babansa ya kawo maganar bulala da kwaɗo a ƙofa. Na roƙe shi ya bar ni da yaron. Na mayar da abincinmu bayan magariba, a faranti ɗaya, na kuma haramta wa kaina faɗa a bakin ƙofa, duk da yana cina a rai. Abin ya ɗauki lokaci, amma ya dawo.

Yanzu Modu magidanci ne a unguwar Gwange. Kwanan baya matarsa ta kawo mini ƙara tana dariya, wai abokansa sun gaji da shi, ana kiran magariba yake tashi daga majalisa. Na ce ta yi haƙuri, ni na koya masa.