Wa zai nuna mana kaburburan Ebonde?

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Da hantsin Talata, 14 ga Janairu, 2025, Baba Jibirilla mai goro ya cika a ɗakinsa na unguwar New Bell, a birnin Duwala. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Baba, a Ebonde aka haife ka, ɗan ƙauyen nan na bayan Bonaberi, inda rabin gari ke jin Faransanci, rabi Turanci. Kakanninmu sun je fataucin goro suka zauna, suka kafa zango, suka haƙa rijiyar da garin ke sha har yau. Sannu a hankali Duwala ta kwashe mu, aka bar matattu kaɗai.

Kai ne ba ka bar su ba. Duk bayan Babbar Sallah sai ka ɗauki adda ka haye gadar kogin Wuri, ka je ka sare ciyawar maƙabarta. Kaburburanmu ba su da allo, reshen cini-da-zugu ake kafawa a wajen kai, kuma ka san na kowa. Ranar da ka kai ni, ka dafa wani reshe ka ce, "Zulfa, ga innarki nan, yi mata addu'a." Kuka ya hana ni lura da hanya.

Bara hukumar garin ta ce za ta faɗaɗa kasuwa, a turo wanda zai nuna iyakar maƙabarta. Ƙafa ta riga ta ƙi ka. Ka bi manyan unguwa gida-gida kana roƙon mutum ɗaya da zai ɗauke ka a mota ya koyi wurin. Kowa ya ce, "Baba, sai semen proshen." Makon goben nan bai zo ba har ka tafi. Su ne kuwa suka cika sahun gaba a jana'izarka, suna cewa an yi rashin tarihi. Wallahi raina ya ɓaci, har yanzu bai huce ba.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da Aljanna. Ya ba iyalanka, Inna Nana Hadiza da Bashiru da Zakariya'u, haƙurin rashi. Mutanen Ebonde da ke kwance, har da innata, Allah ya tsare su da kansa. A cikinmu babu sauran wanda ya san inda suke.