Sunayen da Ke Ƙarƙashin Benci

Har gobe ban manta da Larabar da na sa ɗalibai suka kife bencinan makarantarmu ba. Lokacin ni ne surbeyan, wato mai kula da ladabin ɗalibai da ƙungiyoyinsu, a wata sakandare da ke Garwa. Shekara guda ke nan da haɗe makarantu biyu maƙwabta, ta koyon sana'a da ta boko zalla. An rushe katangar da ke tsakani, amma 'yan boko ba su daina kiran 'yan sana'a "masu guduma" ba.

Ana saura kwana tara bikin matasa na sha ɗaya ga Fabrairu, ƙungiyar tarihi ta rubuta allon da za a riƙe a gaba wajen fareti. Shugabarta Hadiza ta cika shi da likitoci da alƙalan da ɓangarensu na boko ya yaye. Ɓangaren sana'a layi ɗaya tak aka ba su. Suka ce ba za su bi bayan allon nan ba.

Shugaban makaranta ya kira ni ofis. "Misiye Bello, ko su fito, ko in kori jagororinsu uku. Ka kawo mini sunaye ranar Juma'a."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Yaran nan jarrabawar fita ce a gabansu, na ƙudurta ba da hannuna za a kore su ba.

Na nemi Malam Hamadu, tsohon malamin kafinta, ya ba ni takardun tarihinsu. Ya yi dariya. "Gara ta cinye takardu tuntuni, surbeyan. Mu a katako muke rubutu." Ashe duk ɗalibin da ya haɗa bencin jarrabawar fita, sai ya ƙona sunansa a ƙarƙashi da ƙarfe mai zafi. Bencinan kuma makarantar boko ake kai wa tun asali.

Ranar Laraba na tara ƙungiyar tarihi, na ce su kife bencinan ajinsu su kwafe abin da suka gani. Ana ta gunaguni da tsaki saboda tsohon cingam da yanar gizo, na yi kunnen uwar shegu. Can sai Hadiza ta tsuguna, ta goge wani katako da gefen ɗankwalinta, ta ɗago ta dube ni.

"Misiye, wannan sunan babana ne."

Babanta babban mahauci ne a unguwar Jambutu. Na aika masa, ya zo bayan la'asar. Ya danna bencin da gwiwa, ya ce, "Kun gani? Ko girgiɗi ba ya yi."

"Baba, ba ka taɓa gaya mini ba."

"Kin taɓa tambaya?"

Ranar Juma'a na ajiye wa shugaba shafi huɗu na sunayen da aka kwafe a tebur. Ya ce, "Uku na nema." Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan su ne suka zaunar da likitocinmu har suka zama likitoci." Ya karanta, ya leƙa ƙarƙashin kujerarsa, sannan ya ce a sake allon.

Ba a kori kowa ba. Ranar fareti bencin nan aka ɗauka a gaba, Hadiza riƙe da kai ɗaya, ɗaya daga cikin yaran ukun riƙe da ɗayan.

Ku sababbin shiga aikin surbeyan, abin da na koya ke nan: in an ce ku kawo sunayen masu laifi, ku fara binciken sunayen da aka manta. Shekara da shekaru muna zaune a kansu.